Ɗan Malam a Gidan Makaɗi

Mutum na farko da ya yi mini murmushi a Ingila ɓarawo ne. Jirgin ruwanmu ya tsaya da safe, ana wani yayyafi mai shiga ƙashi, ni kuwa ina tsaye da babbar rigata da akwatin ƙarfe, ina ta raba ido. Sai ga wani siririn Bature da hula mai baki, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi aka aiko ya kai kayana tashar jirgin ƙasa. Ban tambayi wanda ya aiko shi ba. A garinmu wanda ya karɓi kayan baƙo mutumin kirki ne, har albarka na sa masa. Ya saɓa akwatin ya kutsa cikin mutane, har yau bai fito ba. A ciki akwai rigunana, da bargon saƙi, da kilishi, da garin fura wanda Inna ta daka mini a Kebbe. Abin da ya rage mini shi ne takardun da ke aljihuna, da carbi, da rigar da ke wuyana.

Haka na isa Landan, haƙorana na kaɗawa. Neman ɗaki kuwa sai da ya kusa sa ni zagi. Ka ƙwanƙwasa ƙofa, mace ta leƙo, ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce yanzun nan aka kama ɗakin, alhali takardar neman ɗan haya tana manne a tagarta. Daga baya na daina jira su gama ƙaryar, da na ga fuska sai in juya. Wani tsoho mutumin Yaman mai sayar da kayan miya ne ya tsinto ni a bakin shagonsa. Hausa ba ya ji, Turancinsa kuwa ya fi nawa rauni, sai Larabcin da na karanta a zauren gidanmu ya yi mana rana. Ya ba ni ɗaki a saman shagon, ya ciro mini wata ƙatuwar kwat ta ƙanensa da ya rasu, ya kama kafaɗata ya juya ni ya nuna mini gabas. Allah ya jiƙan wannan tsoho.

Bari in faɗi abin da ya kai ni, don kada a zaci yawon buɗe ido na je. Sunana Sahabi, mutumin Tambuwal, gidanmu gidan karatu ne. A bayan zaurenmu akwai wani ɗakin ƙasa da mahaifina ya bari cike da littattafai, gafaka kan gafaka, rubutun hannunsa da na kakana da na waɗanda suka gabace su. Da ya rasu sai Inna ta koma wurin danginta a Kebbe, mabuɗin ɗakin kuwa ya koma hannun ƙanensa, Baffa, wanda ya gaji zauren. Baffa malami ne na gaske, ba na rage masa wannan, amma yana ganin littafi in an rufe shi an tsare shi ke nan. Ni kuwa na ga hanyar gara a jikin bangon ɗakin da idona. Da aka sami mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta nemi waɗanda za a tura koyon adana tsofaffin takardu, na nema, aka ba ni. Ranar da na gaya wa Baffa, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Je ka koyo. In ka dawo da sani, mabuɗi naka na." Wannan alkawari shi ne guzurin da ɓarawon bakin teku bai samu ba.

A makaranta ban sha wuya da karatu ba, da mutane na sha. Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni, kuma da zuciya ɗaya yake tambayar, ko a ƙasarmu akwai takardun da za a adana. Na ce babu, a jikin bishiya muke rubutu, bishiyoyin na zo koyon jerawa. Ya gyaɗa kai har yana shirin rubutawa. Daga ranar na gane ba kowace tambaya ce ta cancanci ɓacin rai ba, amma ban daina ɓata ran ba.

Da aka gama karatun aji, sai aka ce kowane ɗalibi zai je wani wuri ya yi aiki da hannunsa kafin a ba shi satifiket. Wasu aka tura su coci, wasu ofishin gari. Ni aka ce in tafi wani gari a bakin teku, gidan wani babban mutum da ya mutu ya bar wasiƙu da hotuna ba iyaka. Na tambayi malaminmu ko hakimi ne ko alƙali. Ya yi mamakin ban san sunan ba, ya ce ai duk Turai ba wanda bai san shi ba, shi ne yake jagorantar manyan makaɗa. A gidanmu makaɗi ba ya wuce bakin zaure. In ya zo, a aika masa da tsaba a faifai ya ƙara gaba, kuma ba a taɓa jin ɗan gidan ya ɗaukar masa ko da buta ba. Na roƙi a canja mini, aka ce wurare sun cika. Na rubuta gida na ce an ba ni aikin tsara takardun wani mamaci. Ban yi ƙarya ba, kuma ba wanda ya tambaye ni sana'arsa.

Na shiga gidan nan ina hura hanci, ina ganin ni ne na yi musu alfarma. Matar marigayin, Misis Agnes, ita ta buɗe mini ƙofa da kanta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai dogara sanda, idonta ya fara dushewa. Ba ta dubi hulata ba, hannuwana ta ce in nuna mata. Ta juya su ta ce to, in wanke su duk da haka. Ta kai ni wani ɗaki a sama, ta tura ƙofa da ƙyar. Akwatunan katako, jakunkunan tafiya, akwatunan huluna, kowanne cike da takarda, wasu an ɗaure da zare, wasu an zuba kawai. Warin ɗakin ne ya karya mini girman kai. Warin tsohuwar takarda da laima ne, irin na ɗakin mahaifina sak, har sai da na dafa bango.

Aikin ga yadda yake. Ba a shiga da tawada, fensir kawai. Ka ɗauki wasiƙa, ka cire mata tsatsattsen fil a hankali, ka buɗe ninkinta, ka duba wa ya rubuto, daga ina, yaushe. In babu kwanan wata ka nemi hatimin gidan waya a jikin ambulan. Ka rubuta mata katinta, ka ba ta lamba, ka kwantar da ita a sabuwar jaka mai tsabta. Wasu da Jamusanci suke, wasu da Faransanci, sai in jingine su in bi da ƙamus. Na karanta wasiƙun sarakuna da ministoci suna roƙon mutumin nan ya zo garinsu, yana ba su haƙuri wai ba shi da lokaci. Na ce ikon Allah, a nan makaɗi ake roƙo.

Hotuna su ne masu wuya, domin hoto ba ya faɗin sunan kowa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san fuskokin nan, ita ce Misis Agnes. Kowace safiya sai ta hau saman da ƙyar, ta zauna kusa da taga da gilashinta mai ƙara girman abu, ina miƙa mata hoto tana faɗa ina rubutawa a bayansa da fensir mai laushi. Wannan mai goge ne, ya mutu a yaƙi. Wannan mai sarewa ce, mijinta ya hana ta, ta bar kiɗa. Wannan maƙaryaci ne, amma kada ka rubuta. Da safe kanta garau yake. Da rana ta karkata sai sunayen su fara guje mata. Wata rana ta riƙe hoton wani mutum mai gashin baki, ta ce ya ci abinci a teburinta sau da yawa, ta san dariyarsa, amma sunan ya ƙi zuwa. Ta yi ta kuka ba sauti. Na ajiye hoton a gefe na ce gobe da safe zai zo, kuma bai zo ba. Daga nan na daina ɓata safiya da wasiƙu, na bar ta ga hotuna.

Ita ce ta matsa sai na je na ga abin da mijinta yake yi, ta ce ba zan tsara rayuwar mutum ban san aikinsa ba. Na je, ina istigfari a zuciyata. Makaɗa sun cika dandali, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu tambari, kowa da takarda a gabansa. Sai wani ya fito da 'yar sanda wadda ba ta kai tsinken tsire kauri ba. Bai taɓa ganga ba, bai busa komai ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ya juya wa manyan gari baya, kuma haka ya tsaya har aka gama. A wurinmu makaɗi fuskar mai gida yake kallo, a durƙushe, yana jiran hannu ya shiga aljihu. Wannan kuwa da ya gama su ne suka miƙe masa tsaye. Kiɗan bai shige ni ba, ba zan yi ƙarya ba, ban ji inda mutum zai taka ba. Amma na ga mutane masu yawa suna karanta takarda ɗaya, ba wanda ya riga wani, kuma na san wahalar wannan tun daga zauren Baffa.

Azumi ya same ni a gidan, cikin tsakiyar sanyi. Ban gaya mata ba, ita ta lura na daina taɓa shayin safe. Ta tambaya, na yi mata bayani. Washegari da rana ta faɗi sai ga ta da kwano, ta dama wani gari nasu da madara, wai ta ji na ce a gida da abu mai ruwa-ruwa muke buɗe baki. Ba gishiri, ba yaji, ba tsami. Na kurɓa sai furar Inna ta faɗo mini a rai, da nonon da ake kawo mata daga ruga, da yadda take tura mini ludayi tana cewa in ƙara. Hawaye suka zubo mini cikin kwanon. Tsohuwa ta zaci daɗi ne ya yi yawa, ta dinga dama mini shi har aka ga wata, ni kuma ina shanyewa tas.

Akwai wani mutum da yake yawan zuwa gidan, Mista Roland, wanda ya yi wa marigayin sakatare. Yanzu aikinsa shi ne ya ga sunan maigidansa bai bar jarida ba. Mutum ne mai zaƙin baki, kullum yana yaba babbar rigata. Ranar sallah na saka ta, na hau sama zan gai da tsohuwa, sai na tarar da shi da mai ɗaukar hoto. Ya ce Misis Agnes tana son hotona don tunawa, in tsaya kusa da akwatunan. Na tsaya. Ya buɗe wani ɗan akwati ya ciro sandar marigayin, ya ce in riƙe ta kamar ina dubawa zan rubuta mata kati. Na riƙe. Ya ce in ɗan ɗaga ta sama saboda haske. Na ɗaga. Sau biyu ke nan Bature mai ladabi yana raba ni da abina, na farko akwati, na biyu mutunci.

Hoton ya fito a jarida, babba. Ga ni da hula da riga, sanda a sama, an rubuta a ƙasa wai ɗan wani basarake daga Afirka ya ƙetaro teku don ya koyi sarautar kiɗa a gidan gwani. Na sami Mista Roland da jaridar a hannu. Ya yi dariya ya ce ai talla ce, ta amfani kowa, mutane nawa ne suke neman a buga hotonsu ba su samu ba. Na ce masa ubana ba basarake ba ne, ya fi basarake, kuma ƙarya ya yi. Ya ce in sassauta murya. Na ce ba zan sassauta ba. Na je ofishin jaridar, suka bar ni a kan benci har aka tashi. Misis Agnes ba ta san da zancen ba sai da na karanta mata, ta hana shi shiga saman daga ranar. Tunda jaridar ta ambaci mijinta, dole ta shiga cikin takardun, kuma ni ne mai rubuta kati. Na rubuta cewa wanda ke cikin hoton Sahabi ne na Tambuwal, mai tsara waɗannan takardu, an yaudare shi ya ɗaga sanda, abin da aka rubuta a ƙasa ba gaskiya ba ne. Da malaminmu ya zo duba aiki ya ce ba a sa ra'ayi a kati. Na ce ya nuna mini ra'ayin in goge. Ya karanta ya sake karantawa, ya mayar da katin wurinsa.

Na zaci abin ya tsaya a Ingila. Ashe wani ɗalibi mutumin Dogon Daji da ya gama karatunsa ya yanki hoton ya tafi da shi gida, don murna, yana nuna wa mutane ɗan ƙasarsu a jaridar Turawa. Daga hannu zuwa hannu har kasuwar Tambuwal. Wani malamin makaranta ya fassara musu abin da ke ƙasa. Ɗan Baffa, Haliru, wanda muka tashi tare, shi ya rubuto mini yadda aka yi. Ranar kasuwa wani maroƙi ya zo ƙofar zaurenmu da kalangunsa, Baffa na tsakiyar ba da karatu, sai maroƙin ya ɗaga murya ya ce, "Malam, barka da arziki! Yanzu mun zama dangi, ɗanku ya shigo sana'armu, kuma da ƙafar dama, tun daga Ingila!" Mutane suka yi dariya. Haliru ya ce Baffa ya rufe littafi ya shiga gida, bai fito ba sai sallar la'asar.

Wasiƙar Baffa da ajami ta zo, gajeriya. Ya ce in bar gidan makaɗin nan ranar da takardarsa ta same ni. In na ƙi, hannun da ya yi wa makaɗi bara ba zai taɓa littafin gidanmu ba. Bai tsaya nan ba, ya kai kuka En'e, hukumar gargajiya, kukan ya bi hanyarsa har Landan. Jami'in da ke kula da mu ɗaliban Arewa ya kira ni. Mutum ne mai son zaman lafiya. Ya ce ya samo mini mafita, akwai ofishin ruwan famfo a wani gari da ke neman mai tsara musu tsofaffin fayil, in koma can in ƙarasa, satifiket ɗaya ne, Baffa ya huce, kowa ya huta.

Na so in karɓa, wallahi na so. Mabuɗin nan shi ya fito da ni daga gida. Amma a lokacin hotunan da suka rage sun fi waɗanda muka gama, kuma safiyar tsohuwa kullum ƙara gajarta take yi. In na tafi, kafin a turo wani ya koyi hannunta, sunayen sun tafi. Ban da haka, in na tafi na yarda ke nan cewa abin da nake yi abin kunya ne, kuma na duba na duba ban ga kunyar ba. Na ce wa jami'in na gode, ba zan koma ba. Ya ce, "Sahabi, taurin kai zai cuce ka." Na ce na ji. Na rubuta wa Baffa da ladabi, na gaya masa hoton yaudara ce, ban koyi kiɗa ba, ba zan koya ba. Na ce aikin da nake yi wa takardun mutumin nan shi ne zan yi wa na Malam mahaifina, kuma na ɗauki amanar wata tsohuwa, sai na sauke. Amsa ba ta zo ba. Haliru ma ya daina rubutowa, na san hana shi aka yi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a zamana. Mai kawo wasiƙu ya wuce ƙofa kullum ba ni da komai. Na riƙa aiki kamar wanda ake kora. Muka gama hotunan ana shiga bazararsu. Waɗanda sunansu ya ɓace ba su da yawa, na ware su a akwati guda. Ranar da zan tafi Misis Agnes ba ta gane ni ba da farko, ta tambaye ni ko na zo gyaran taga ne. Can sai ta kama hannuna ta kira sunana, yadda take karya shi, ta ce in gai da mahaifiyata. Na sami satifiket ɗina, na hau jirgi.

Na iso Tambuwal da damina. Ban shiga cikin gida ba, zaure na fara. Baffa na zaune a kan buzunsa, dattawan unguwa a gefe, Haliru a bakin ƙofa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi hanya. Ya tsufa ƙwarai, sai da na ji tausayinsa. Na ciro satifiket na ajiye a gabansa, bai dube shi ba.

"Takardata ta ishe ka?" ya ce.

"Ta ishe ni, Baffa."

"Ka bar gidan?"

"Ban bari ba sai da nig gama."

Ya gyaɗa kai. "To. Abin da yaw wuce ya wuce. Ni ba ni son in hana ka abin ubanka. Ga dattawa nan. Ka ce ka tuba da barar da kay yi ma makaɗi, su ji, in ba ka mabuɗi yanzu." Ya sa hannu a aljihu ya ciro shi, ya ajiye a kan buzu tsakanina da shi.

Na dubi mabuɗin nan. Da na miƙa hannu da na taɓa shi. Wani dattijo ya ce, "Yaro, faɗi mana, mi a wuya ciki?"

Na ce, "Baffa, in don ɓacin ran da kas sha na, ka gafarce ni, na roƙe ka gaban kowa. Dariyar da anka yi maka ta yi man zafi har Ingila. Amma aikin ga, ban yi abin tuba ba. Takardun mamaci na gyara, tsohuwa na taimaka. In nic ce na tuba na yi maka ƙarya, kuma kai kak koya man ba a yi."

Baffa ya daɗe yana dubana, sannan ya ɗauki mabuɗin ya mayar aljihu. "Kai da shi sai ran da ka faɗe ta," ya ce.

"To ka buɗe ɗakin ko ba da ni ba," na ce. "A fid da su a shanya, a ɗaga su bisa katako. Haliru shi yi, ni in tsaya waje in gaya mai."

"Littattafan ga sun kwan nan tun ba a haifi ubanka ba. Ba Bature ad da koya muna tsaronsu ba."

Na tafi Kebbe wurin Inna. Ta dama mini fura, ta bari sai da na sha, sannan ta fara. "Sahabi, baki na fa. Ka faɗa mai, Allah ya san zuciyarka. Mi kaka ragewa?" Na ce in na faɗa, duk yaron da ya tashi a gidan nan zai ji cewa wanda ya je neman sani ya dawo yana tuba. Ta ce, "Halin ubanka na, shi ma haka yaƙ ƙare, ba shi lanƙwasa." Ta yi fushi da ni kwana biyu, ta haƙura.

Aka ba ni aiki a Sakkwato. Na yi shekaru ina yawo da babur, ina tsara littattafan gidajen mutane. Na yi a Sanyinna, na yi a Fakku, na yi a Dogon Daji, har a Tambuwal na yi, gida uku tsakaninmu da zauren Baffa. Kowace sallah sai na je na gaishe shi. Kowace sallah sai ya tambaye ni ko na shirya, in ce ina nan inda nake, in roƙe shi a buɗe ɗakin, ya ce shi ma yana nan inda yake. Mu ci tuwo tare in tafi. Bai taɓa zagina ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Ya rasu bayan an raba Jihar Arewa. Da aka share makoki, Haliru ya kira ni bayan zaure, ya ciro mabuɗin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da muka sa guduma. Daga bakin ƙofa komai lafiya, gafakoki na nan a jere yadda na san su. Na ɗaga ta sama, da nauyinta, na ce alhamdu lillahi. Ta ƙarƙashinta ma da dama. Da na kai hannu ga ta uku sai fatar ta taso ita kaɗai, abin da ke ciki ya zube a ƙafata, jar ƙasa. Daga nan har ƙasa haka suke. Na kakannina suna can ƙasa, domin su aka fara ajiyewa. Na mahaifina, waɗanda ya rubuta ina zaune kusa da shi ina riƙe masa tawada, suna jingine da bangon da na ga hanyar gara. Na durƙusa cikin ƙasar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne shi.

Haliru na tsaye a kaina, shi ma idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kalma guda Baba yab biɗa gare ka, Sahabi. Kalma guda. Da duk wannan na nan."

Gaskiya ya faɗa, da suna nan. Na san haka a ranar, na san haka yau, kuma ba dare ɗaya na kwana da shi ba. Na share fuskata da hannun riga na ɗago na dube shi.

"Ni ma kalma guda nika jira gare shi," na ce. "Shi ce man, shiga."

Na ce wa Haliru ya samo mini tabarma da faifai, ya ce wa mata kada kowa ya kawo tsintsiya. Muka fara fitar da na saman ɗaya bayan ɗaya, muna shimfiɗawa a inuwa.